Inda Muryar Saloma Ta Rage

Litinin, 1 ga Maris 1993, da hantsi

Azumi ya kai bakwai. Ba biki, ba suna, ba mai neman mawaƙi. Shekaranjiya aka yi zaɓen zagayen farko, kowa a unguwarmu ta Zariya yana cewa nasa ne ya ci. Matata Ramatu ta gaji da ganina ina safa da marwa tsakanin ɗaki da zaure, ta miƙo mini wannan kaye, littafin rubutu, ragowar na makarantar 'yarmu Samira, ta ce in riƙa zuba surutuna a ciki kunnenta ya huta.

To, ga ni. Sunana Zakari, ko da wata rana mai ƙosai za ta tsinci takardun nan. Duk Maraɗi Gero-ya-nuna ake ce mini, sunan waƙata ke nan. Waƙoƙi talatin da huɗu na yi a rayuwata. Ɗaya mutane suka riƙe, sauran ko matata ba ta iya kawo baiti biyu daga cikinsu.

Ban je garin Tsibiri ba tun Lahadin nan. Ba zan rubuta komai a kan Lahadin nan ba.

Laraba, 3 ga Maris, bayan azahar

Yunice ta zo, 'yar Mushe Filibus ta fari. Mushe shi ne mai gitata, abokina tun muna samariya, malamin lekol, makarantar boko, a Tsibiri, shi ya sa ake ce masa Mushe. Ramatu ta kawo mata ruwa ta ƙi sha, ta ce ba ta sha a gaban masu azumi. Tarbiyyar ubanta ce.

"Baba Zakari, ina wuni? Ina azumi?"

"Lahiya lau, Yunice. Ina mai jiki?"

"Da sauƙi."

Irin da sauƙin nan ne da ake faɗa don kada a yi wa Allah butulci. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. Magana tana fita, amma da ƙyar, ta gefen baki. Washegarin salla za su kai shi asibitin Galmi, sun riga sun yi magana da mai mota.

"Abu guda shike tambaya," ta ce. "Kaset ɗin da kunka yi da Mama. Tamu ta gida rediyo ta tauna ta tun bara. Ya ce uwar kaset ɗin, ta asali, tana wurinka. Shina son ya ji kahin a tahi da shi."

Na ce tana nan. Na ce tana cikin akwati, sai na nemo makulli. Ramatu tana tankaɗe a tsakar gida, na ji rariyar ta tsaya.

Yunice ba ta ce komai a kan Lahadin ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Alhamis, 4 ga Maris, da safe

Tun asuba ajin nan nake gani. Shekarar 86, bayan kaka, ranar hutu, muka ture benci a ajin Mushe muka ajiye manyeton aro, na'urar ɗaukar murya, a kan tebur. Shi da gitar coci, Sha'ibu na Jiratawa da kalangu, ni a gaban makirfo ina gyara hula kamar manyeton yana da ido. Waƙar ɗan cin rani ce, ni ina can Kurmi ina neman na tufa, mace tana kirana gida. 'Yan mata biyu muka ɗauko su yi amshi, dariya ta hana su.

Sai ga Saloma, matar Mushe, ta kawo mana fura. Ta tsaya bakin taga ta saurara, ta ce, "Ba haka ake kiran mutum gida ba." Mushe ya ce to ta gwada mana. Ta ajiye ƙwaryar ta matso.

"Gero ya nuna, komo gida,
rumbu ba ya cika da wasiƙa."

Sha'ibu ya kusa sakin kalangu. Sau ɗaya ta yi waƙar daga farko har ƙarshe, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Ta ƙi a sa sunanta, ba ta taɓa hawa dandali ba. Ni na ci sunan, na ci shadda, na ci babur mobilet, na je Yamai aka nuna ni a telebijin ina buɗe baki. Amma ko a tasha, in an sa waƙar, ba a yin shiru sai ita ta shigo. Na san haka tun lokacin, ina dai yi kamar ban sani ba.

Shekara uku ke nan da rasuwarta. Ba inda muryarta take a duniya sai cikin zaren nan.

Juma'a, 5 ga Maris, bayan masallaci

Tunda kaye ba ya kai tsegumi, bari in faɗa.

A Disamba mutanen jam'iyya suka zo suka ce in sauya wa waƙar baiti, kiɗan ya zauna yadda yake. Na je wa Mushe da maganar, ya ce shi gitarsa ba ta da katin jam'iyya, kuma muryar matarsa ba ta shiga mota ta zaga gari. Na ce masa Bagobiri dai ba ya rabuwa da taurin kai. Na samo wani mai gita a Sabon Gari, matasa suka yi amshi.

A shagon Maman Lawali mai kaset muka ɗauka. Kowa ya san aikinsa: ba kowa ke iya sayen sabuwa ba, sai ka kawo tsohuwarka, ya liƙe ramukan nan biyu na sama da sikoci, ya ɗora maka abin da kake so a kai. Ranar ba kaset mai kyau ko ɗaya a shagon, duk sun ci shafa sun gaji. Mai kyau ɗaya ce, uwar, da na zo da ita don sabon mai gita ya ji kiɗan. Maman Lawali ya ce kwafinta sun fi gero yawa a garin nan, me ake tsoro. Da babban yatsana na danna sikocin.

Bayan nan jam'iyya ta ce duk wanda ya kawo tsohuwar za a ɗora masa sabuwar kyauta. Layi har bakin titi. Na tsaya ina kallo ina jin daɗi, wallahi daɗi na ji.

Yau na koma shagon.

"Tsohuwar?" ya ce. "Zakari, ko guda ba ta saura. Kai ma ka ga layi. Ɗari nawa na shahe, ni kaina ban sani ba."

"Kai ka ce sun hi gero yawa."

"Awo, na ce. Gero ma ai ƙarewa shike."

Asabar, 6 ga Maris, da yamma

Na bi direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ciro tasa yana murna, kowa sabuwar ce. Wani ya ƙure mini ita har mutane suka fara tafi.

Lahadi, 7 ga Maris

Sati biyu da Lahadin nan.

Litinin, 8 ga Maris, bayan la'asar

Gidan rediyo. Mai kula da faifai ya tarbe ni da fara'a, ya hau kujera ya sauko da kwalin, sunana a jiki da jan alƙalamin bik. Ya ɗora a na'ura, sai ga wani mutum yana karanta sanarwar mitin siyasa. Zare ya yanke musu tun bara, ya ce, jam'iyyu kuma kowacce sai an ba ta mintinta, dole suka koma kan tsofaffi. Ya ce in ina so ya yi mini cigiya bayan labaran Hausa, duk mai tsohuwar ya kawo.

Na ce a'a. A Tsibiri ma ana jin rediyo.

Laraba, 10 ga Maris, bayan shan ruwa

Ramatu ta bari na sha kunu na lafa, sannan ta zauna bakin tabarma.

"Baban Samira, ka tahi ka gaishe shi ko hannu wofi. Duba mara lahiya ba ya son kaset."

"In ce mishi mi?"

"Abin da ka yi."

"Wanne?"

Ta dube ni, ta kwashe kwanoni. Ni ma ban san me ya sa na ce wanne ba.

Ranar ina can saman mota, lasifika biyu a kunnena, mutane ta ko'ina. Ban ga komai ba.

Alhamis, 11 ga Maris, da hantsi

Na yi mafarkin fura.

Asabar, 13 ga Maris, bayan azahar

Mutanen jam'iyya sun zo, su uku, da hula iri ɗaya. Zagaye na biyu ya matso, suna son in hau mota ranar Talata mu yi ƙauyukan gulbi. Na ce maƙogwarona ya kumbura. Babbansu ya yi dariya ya ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Na ce na ji, amma askar ta dushe. Suka fita suna rera amshin, sabon, wanda ba rumbu a cikinsa ba wasiƙa, sai ranar zaɓe da launin takarda.

A da in na ji ana waƙata a titi nakan rage tafiya don a gan ni. Yanzu kwana nake canjawa.

Lahadi, 14 ga Maris, da rana

Na hau mobilet na nufi Tsibiri. Na wuce gulbi, ya bushe ƙaf, mata na haƙa ramin ruwa a cikin yashi. Na kai daidai wurin, gaban cocin, inda hanya ta ɗan karkata wajen bishiyar maina. Suna ciki suna waƙa. Muryoyi kawai, da tafi. Ba gita.

Na kashe inji na tsaya. Gidan Mushe taku hamsin ne daga nan, ina hango katangar da muka ɗora tare shekarar da aka haifi autansu. Nan nake cin shinkafar Kirsimeti kowace shekara, Saloma tana cewa in ci da yawa, mawaƙi mai rama ba ya cika dandali. Nan Mushe yake kirana ɗan birni mai tsoron kaza. Ina kewarsa kamar yadda ban taɓa kewar kowa ba, ga shi kuma taku hamsin.

Da na ji sun fara fitowa na tura mobilet da ƙafa sai da na yi nisa na tayar.

Litinin, 15 ga Maris, da safe

Na gani.

Na ga Mushe ya fito daga cocin ya tsaya tsakiyar hanya, ya ɗaga hannu yana cewa a kashe. Ni yake kallo. Makirfon yana hannuna, kalma ɗaya ce da ta isa. Na ga wanda ya sauka daga motarmu ya hankaɗe shi. Na ga faɗuwar. Motar ta kauce ta wuce, ni kuma na kai baitin ƙarshe.

Shi ke nan, ba zan ƙara ba.

Laraba, 17 ga Maris, dab da magariba

Kowane azumi Mushe yakan kawo mini kwalin sukari, shekara goma sha huɗu bai fasa ba. Yakan ce ladan azumina rabi nasa ne tunda da sukarinsa nake buɗe baki. Bana na cire rai.

Yau wani mai taksin Tsibiri ya yi sallama ya miƙo kwali. Da takarda a jiki, rubutun Yunice: "Baba ya ce kada a fasa. Ya ce a yi haƙuri ya makara. Ya ce ina kaset."

Ramatu ta ajiye kwalin a kan randa. Har yanzu ba wanda ya buɗe shi.

Alhamis, 18 ga Maris

Zariya, Sabon Gari, bakin kasuwa, gidan wata tsohuwar ungozoma da aka ce tana da ita. Babu. Saura kwana takwas motar Galmi.

Asabar, 20 ga Maris, bayan la'asar

Jiratawa. Rabona da Sha'ibu mai kalangu shekara biyar, tun da ya rataye kalangun ya koma noman rani. Na same shi cikin albasa, wando a naɗe, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Ya ji labarin Mushe, kuma daga yadda ya gaishe ni ya ji sauran.

"Tawa ma an shahe ta," ya ce. "Tsahara ta kai birni ranar kasuwa, wai ta ga kowa na kaiwa. Sati guda ban yi mata magana ba."

Muka je gida don in huta kafin rana ta yi sanyi. Tsahara, matarsa, tana jin abin da ya kawo ni ta ce, "Ai ni cutata anka yi ma. Ana cikin ɗorawa wuta ta ɗauke, mai shagon ya ce in amshi abina haka nan, layi na jira. Can ƙarshe tsohuwar ce. Mu ba mu ma sa ta, rabi doki rabi jaki."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ta ciro ta daga cikin kwanon samira, Sha'ibu ya ciro pili daga tocila ya sa wa rediyo. Muka zauna ni da shi muka saurare ni ina ihu a kan jam'iyya, minti biyar cur, ba wanda ya dubi wani. Sai ƙas, ɗan shiru, sai gitar Mushe a tsakiyar kiɗa. Baitina na ƙarshe. Sai ita. Amshi uku, na ƙarshen ta ja shi yadda take ja, sannan ƙarar ƙwarya a kan benci da muryar Mushe yana cewa, "Kashe, kashe, ya yi."

Sha'ibu ya fita wai zai duba akuya. Tsahara ta ce in tafi da ita, ba sai na dawo da ita ba.

Litinin, 22 ga Maris, da hantsi

Ban sake sa ta ba sai sau ɗaya, zaren ya yi laushi, ina tsoron ya tsinke. Na zura bik a ramin na juya da hannu a hankali har daidai inda gitar ke shigowa, na sa alama da farce. In na je zan danna, ya ji ta, in ce farkon ya lalace da ajiya.

Na gaya wa Ramatu dabarar. Ta ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Na ce wannan ramin minti ɗaya ne kawai ake bukata daga gare shi.

Laraba, 24 ga Maris

Ba a ga wata ba jiya, azumi ya cika talatin. Gobe salla, jibi mota. Ramatu ta guge mini shaddar Yamai, na ce ta mayar, farar tsohuwar zan sa.

Alhamis, 25 ga Maris, ranar salla, bayan magariba

Daga idi ban biya gida ba. Yunice ce ta tarbe ni, ta ce barka da salla, ta ɗaga labule.

Yana kwance a kan katifa a ƙasa, an jingina shi da matashi. Ya rame, an yi masa aski, gefen bakinsa ya sauka. Gitar tana rataye a bango cikin zane. Na durƙusa na ce, "Mushe, sannu." Duk abin da na shirya tun daga gulbi ya gudu.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗan birni." Kalma biyu sai da ya huta a tsakani. "Ka... makara."

Na ciro kaset, Yunice ta kawo rediyo. Na danna. Gitarsa ta cika ɗakin, ya rufe ido. Da muryar Saloma ta shigo Yunice ta toshe baki da gyale, ita ma ashe rabonta da muryar tun bara. Amshi uku, ƙarar ƙwarya, "kashe, kashe, ya yi," sai zare ya ƙare.

"Maida," ya ce. "Hwarko."

Ƙaryar tana bakina a shirye, na yi ta maimaita ta kwana uku. Na dubi hannun da ke kwance a kan cinyarsa kamar ba nasa ba.

"Mushe, babu hwarko. Na shahe uwar. Da hannuna na liƙa sikoci, tasu na ɗora a kai. Na bi gari duka, wannan kaɗai ta saura, ta Sha'ibu ce, ita ma abin da ka ji shi ne ya tsira. Hwarkon waƙar motar nan ce."

Yunice ta ce, "Baba Zakari." A waje masu yawon salla suna wucewa da ganga.

"Kuma na gan ka ranar," na ce. "Na gan ka ban tsaida su ba."

Bai buɗe ido ba. Na zaci ya yi barci, ko ya ƙi ni ke nan har abada, na fara tattara ƙafata.

"Maida," ya ce.

Na mayar har farko. Na danna, muryata ta fito tana kiran ranar zaɓe a cikin ɗakin nan, matasa suna amsawa. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Yunice ta kai hannu za ta rage, ya girgiza kai. Can na ga yatsun hannunsa na hagu suna tafiya a kan zanen gado, suna danna igiyoyin da babu. A tsakiya ya yamutsa fuska.

"Wa... ya kaɗa wanga?"

"Wani ne, a Sabon Gari."

"Jaki."

Yunice ta yi dariya da hawaye tare. Ni ban iya ko ɗaya ba. Minti biyar ɗin suka ƙare da ƙyar, sai ƙas, sai gitarsa, sai ita. Yatsun suka tsaya. Leɓensa na gefen da ke aiki yana bin ta har ƙarar ƙwarya.

"Kuma," ya ce.

Na ɗauko bik zan juya zuwa alamar farcena, don in rage mana hanya. Ya ɗaga hannun hagu ya kama wuyan hannuna. Ashe da sauran ƙarfinsa.

"A'a. Tun hwarko. Kai ka ji taka, ni in ji tawa."

Sau biyar na saurari kaina kafin la'asar, kuma sau biyar ta zo.